Namadi Basarke, wanda ya koyi nutso wurin kififiya

Ranar da jirgin zai kife, Baba Namadi ya faɗa tun da hantsi. Ya dubi launin gulbi ya ce wa mai jirgi, "Wanga ruwa ba na lodi ba ne yau. Rage mutum biyar." Mai jirgi ya yi dariya, ya ce tsufa ya fara kawo tsoro.

Shekara arba'in ke nan Namadi Basarke, masunci ɗan masunta, yana mashigin gulbinmu, kusa da Gummi. Da ya sallame Asuba yakan sauko da tabarmarsa, ya zauna yana ɗinkin taru yana kallon masu ƙetarewa. Ba wanda ya naɗa shi. Amma in babur ya zame daga jirgi, ko saniya ta maƙale, ko mutum ya nutse, sunansa ake kira.

Daminar 2016 ce, ranar kasuwa. Ɗiyata Habsu, mai shekara goma sha uku, tana cikin jirgin tare da goggonta. Ina tsaye a gaɓa jirgin ya karkata ya juye. Mutane suka riƙa fitowa ɗai-ɗai. Goggo ta fito, Habsu ba ta fito ba.

Na ruga wurin Namadi, kuma abin da na gani ya kusa sa in zage shi. Ya shiga ruwa iya ƙugu ya tsaya, yana watsa ruwan sanyi a fuska a hankali kamar mai alwala.

"Baba, ɗiyata! Mi kaka jira?"

"Zuciyata nika jira, Dalhatu. Bari ta kwanta."

Ya ja numfashi ɗaya, ya sulale ƙasa. Wani mai agogo ya ce minti biyu da rabi ya yi. Ni dai na san na karanta duk abin da na haddace, na sake daga farko. Sai ga kansa can ƙasa da mashigi, yana janye da Habsu ta zanenta, wanda saiwa ta kama a ƙasan ruwa. A kan yashi ta yi aman ruwa, ta kira Innarta.

Bayan kwana uku na kai masa goro, na nemi gafarar tsawar da na yi masa. Ya ce wurin kififiya, kunkurun ruwa, ya koyi wannan jiran, tun yana saurayi yake kwanciya a gaɓa yana kallonta. "Ka taɓa ganin ta shiga ruwa da gaggawa? In sanyi ya taɓa fuska, zuciya takan rage gudu. Jini ya bar hannu da ƙafa, ya tattara ga kai da ƙirji, ɗan numfashin da ka shiga da shi ya daɗe."

Na ce, "To ƙafafun, da mi suke aiki?"

"Da guzurinsu. Nama na da abin da ya aje, shina cinsa ko babu iska, sai dai shina barin tsami. Daga sharaɓa yake farawa, kamar an zuba barkono. In ya kai ƙugu, juyowa nike."

"Ran Habsu fa?"

"Ya wuce ƙugu."

Da na ba malamin asibitinmu labari, ya ajiye biro. Ya ce abin da ke cikin littafinsu ke nan, har tsamin ma dangin wanda ke cikin nono ne. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ajiye wa kififiya da ɗan Adam guzuri iri ɗaya.

Baba Namadi, kai ne ka tsaya cik lokacin da kowa ke ihu. Kai ne ka ji jikinka ya ce ka juyo, ka ƙara taku don ɗiyar wani. Basarke, gagara igiyar ruwa. Allah Ya saka maka, Ya ba ka numfashi mai sauƙi.

Bana ya ce ya aje nutso, don tsamin yana riskarsa tun kafin ya taɓa ƙasa. Samarinmu, ku je ku zauna gefen tabarmarsa tun yana iya nuna muku. Habsu tana makaranta a Gummi yanzu, sau biyu take hawa jirgi kullum, kuma ruwa ya fara hauhawa. In jirgi ya sake juyewa, har yau ba mu san wanda zai shiga ba.