Ƙwayoyin da Zuhura Ta Ɓoye a Kwalla

Zuhura haifaffiyar Fakuwa ce, aure ya kai ta Ƙofa a ƙasar Kusada, kuma a Ƙofa ta manyanta. Mijinta Ɗalha manomi ne, gero da dawa da 'yar gyaɗa, mutum marar yawan magana. Ita kuwa girki aka san ta da shi. In ana biki ko suna a unguwarsu, ita ake kira ta tsaya kan tukwane, kuma kwaɗon zogalenta ba ya kai azahar bai ƙare ba. Ba unguwarzoma ba ce, amma duk 'ya'yanta a ɗaki ta haife su, ba ta taɓa kwanciya a gadon asibiti ba. Saboda haka mata masu ciki kan tambaye ta abin da za su ci da abin da za su bari. Takan ba su amsa kai tsaye. Ba a taɓa jin ta ce ban sani ba.

Abu guda take tsoro a duniya, shi ne jariri ya yi girma a ciki. Tana budurwa yayarta Rabi ta yi doguwar naƙuda, ta rasu da ɗan a cikinta, Zuhura na riƙe da kanta. Matan gidan suka ce yaron ne ya yi ƙato. Wannan magana ta zauna mata a rai, ta yi aure da ita, ta aurar da 'ya'ya da ita.

Ɗiyarta ta fari ita ce Fauziyya. Zuhura ta riƙe kunyar ɗan fari yadda aka koya mata, har ta wuce yadda aka koya mata. Ba ta kiran sunanta, sai dai ta ce yarinyar nan. Tun da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta. Ko da ta dawo gida ta girma, in Zuhura za ta aike ta, tukunya take kallo ko bango, ba fuskarta ba. Mutane na yaba mata da wannan, ita ma tana jin daɗin yabon.

Fauziyya ta gama sakandare, ta auri Sagir, ma'aikaci a sakatariyar ƙaramar hukuma a Kankiya. Da ta sami cikin fari aka maido ta gida goyon ciki, kamar yadda aka saba, uwa ta kula da ɗiyarta har ta haihu ta yi wanka. Ita an kawo ta da wuri, domin aiki ya ja Sagir zuwa Katsina na ɗan lokaci. Uwar mijin, Hajiya Maimunatu, ita ta rako ta da kanta. Mace ce mai barkwanci da ɗan kaifin baki. Da za ta shiga mota ta ce, "To Innar yara, ga ta nan mun kawo maku da kumatunta. Haka muke so a maido mana."

A kayan Fauziyya akwai leda mai ƙwayoyin da ake ba masu ciki a wurin awo, wasu jajaye, wasu ƙanana rawaya. Zuhura ta tambayi bango ko na mene ne. Fauziyya ta ce na ƙarin jini ne. Zuhura ta taɓa jin mata na cewa su ne ke ƙosar da jariri har ya ƙi fitowa. Ta karɓi ledar, ta ce za ta riƙa ba ta in ta ga bukata, ta sa ta cikin ƙaramar kwallar da ke can ƙasan jerenta, ta rufe. Fauziyya ba ta yi musu ba. Yarinyar da ta tashi nesa da uwarta ba ta san ta inda ake yi mata musu ba.

Bazara ce, ganye ya yi wuya. Abincin gidan tuwon dawa ne da miyar kuka, gobe busasshiyar kuɓewa. Ƙwai Zuhura ta hana. Nama sai ranar kasuwa, shi ma ɗan tsoka guda, kada yaro ya yi ƙiba. Ɗan zogalen da ake samu takan dafa shi da kanwa har ya yi lugub, ta tsiyaye ruwan ta zubar, yadda masu saye ke so. Awo kuma ta ce a dakata, jijjigar mota ba ta da kyau ga mai ciki.

Maƙwabta suka fara gani kafin ita. Fauziyya in ta fito daga ɗaki zuwa bakin randa sai ta dafa bango tana haki. Harshenta ya yi ciwo, ta daina taɓa yaji. Zuhura na jin hakin ta bayanta, amma ba ta waiwaya ba. Ina aka taɓa ganin uwa ta tsaya tana duba ɗiyar fari kamar wata sabuwar haihuwa? Ta dai ce nauyin ciki ne, kowa ya yi.

Ranar da Sagir ya dawo ya zo gaisuwa, ya tsuguna a ƙofar ɗaki ya gaida surukarsa, sannan aka kira mashi matarsa a zaure. Ya ga tafin hannunta fari fat. Bai koma ciki neman izini ba, Ɗalha ya gaya wa. Kafin la'asar suna asibiti a Kankiya, Zuhura a matsayin mai jinya, Hajiya Maimunatu ta iso da kwanon abinci da fuska ba walwala.

Likitan, ana ce mashi Likita Dikko, ya ja fatar idon Fauziyya ƙasa ya duba, ya sa aka ɗebi ɗan jini aka leƙa ta madubin gwaji. Ya dawo ya yi masu bayani a hankali. Ya ce ƙwayoyin jininta sun yi ƙaranci, waɗanda suka rage kuma sun yi manya fiye da ƙima. Abu biyu ne suka fi kawo haka. Ko dai rashin wani sinadari da ake kira folet, wanda ake samu a ɗanyen ganye da wake da hanta da ƙananan ƙwayoyin nan rawaya, ko kuma rashin wani bitamin da ke cikin nama da nono da ƙwai. Ba ya son ya yi canke, domin maganin ɗaya yakan rufe ciwon ɗayan. Za a auna su duka biyun. Na'urar ba ta nan, sai an aika jinin Katsina, kuma sai jibi da safe za a ɗiba. Kafin nan kada a ba ta wani magani, kada a canza mata abinci, ranar kuma kada ta karya.

Sai ya tambaya ko tana shan ƙwayoyin awo.

"Tana sha," in ji Zuhura, tun Fauziyya ba ta buɗe baki ba.

Abin da Zuhura ta fahimta a duk bayanin nan guda ne. Akwai na'ura a Katsina da za ta faɗi abin da yarinyar nan ta ci a gidanta, kuma za a faɗe shi a gaban Hajiya Maimunatu. Ita da ake kira ta ciyar da unguwa guda, a ce ɗiyarta ta rame a hannunta don rashin abinci.

Washegari ta ce za ta Ƙofa ɗauko kayan sawa. Ta ɗauko, ta kuma ɗauko ledar daga cikin kwalla, ta ƙulle a gefen zanenta. Ta tsaya tasha ta sayi gasasshiyar hanta. Da ma'aikatan jinya suka juya baya ta zuba wa Fauziyya ƙwayoyi rawaya a hannu, fiye da yadda aka ce a riƙa sha, ta miƙa mata ruwa da hantar tana kallon taga. Ta maimaita da yamma. Fauziyya ta haɗiye duka. Da safe aka ɗebi jinin, aka naɗe kwalbar da baƙar leda don kada haske ya ɓata shi, aka sa cikin kula mai ƙanƙara, aka tafi da shi. Da kular ta fita, Zuhura ta sake ƙulle ledar. Aikin ƙwayoyin ya ƙare a wurinta, kuma har yanzu tana tsoron ƙaton jariri.

Sakamakon ya zo wa likita ta waya. Ya iso bakin gadon, Sagir da uwarsa na tsaye, Zuhura na zaune kan tabarma. Ya ce folet ɗin ya cika har ya yi yawa, bitamin ɗin ma ba laifi. Zuhura ta gyara mayafi, ta saci kallon surukarta.

Amma likita bai yi murmushi ba. Ya ce wannan ba labari mai daɗi ba ne. In tana shan magani, abinci bai gaza ba, kuma jini na ta raguwa, to sai a nemi ciwon a ɓargo, inda ake yin jinin. Za su yi mata ƙarin jini yau, gobe a wuce da ita Kano, a soka allura a ƙashin ƙugunta a ɗebo ɓargon a duba. Ya ce ba ya son yi wa mai tsohon ciki wannan tafiya, amma ba shi da zaɓi.

Hajiya Maimunatu ta zauna a bakin gado tana salati a hankali. Sagir ya fita baranda yana neman mota a waya. Fauziyya ta san abin da aka yi, da hannunta ta haɗiyi ƙwayoyin, amma ta yi shiru. Ta gwammace a kai ta Kano a huda mata ƙashi da ta tona uwarta a gaban dangin miji.

A nan ne Zuhura ta ɗaga kai ta dubi fuskarta, kallo na sosai, irin wanda ba ta yi mata ba tun tana goye. Kumatun da aka kawo babu su. Gefen bakin ya tsattsage. Leɓen ya yi launin toka. Duk wanda ya shigo gidan nan a watannin nan ya ga wannan fuskar, har mai tallar manja. Ita kaɗai ce ba ta gani ba, kuma a ɗakinta yarinyar ke kwana.

Likita ya juya zai tafi. Zuhura ta kwance gefen zanenta ta ajiye ledar a kan gado.

"Likita, ƙarya na yi maka. Ba ta sha. Tun ranar da aka kawo ta na karɓe su. Jajibirin ɗibar jini na ba ta, ni da hannuna."

Ba wanda ya yi mata tsawa, kuma da an yi da ta fi jin sauƙi. Likita ya ɗauki ledar ya juya ta, ya ga yawan abin da ya rage. Ya yi mata tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, yaushe ta karɓe, me suke ci a gida, yaya take dafa ganye, nawa ta ba ta ranar. Ta amsa duka, kanta a ƙasa, Sagir ya dawo yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Suruki ne da ba su taɓa haɗa ido ba, yau yana sauraron yadda ta hana matarsa ƙwai.

Likita ya ce gwajin da aka yi na ruwan jini ne, abin da aka ci jiya kawai yake nunawa, shi ya sa ƙwayoyin kwana guda suka ruɗe shi. Akwai wani da ake auna folet ɗin da ke cikin ƙwayoyin jinin kansu, shi yana faɗin na watanni. Da an riga an yi ƙarin jini da shi ma ya ɓaci. Ya sa aka sake ɗiba nan take, sannan ya ce a fara ba ta maganin a gaban ma'aikaciyar jinya.

"Inna," ya ce, "waɗannan ba su ƙosar da jariri. Jini suke yi wa uwarsa, ta sami ƙarfin haihuwarsa."

Hajiya Maimunatu ta bari likita ya fita. Sannan ta ɗauki kwanon da Zuhura ta kawo abinci a ciki, ta rufe, ta miƙa mata. "Ki huta hakanan, Innar yara. Mu ma kau mun iya hura wuta."

Gwaji na biyu ya dawo yadda likita ya zata, folet ɗin ya kusa ƙarewa. Ba a je Kano ba. Jinin Fauziyya ya fara hawa, hakin ya ragu, ta koma cin yaji. Da aka sallame ta ba Ƙofa aka nufa da ita ba, gidan Hajiya Maimunatu aka wuce. Ɗalha bai hana ba. Zuhura ta koma ita kaɗai da ƙullin kayan da ta ɗauko, ta sauka a bakin hanya, ta ratsa unguwa mata na leƙowa suna tambayar ina mai cikin. A Ƙofa ba a taɓa jin ɗiya ta yi haihuwar fari a gidan miji ba alhali uwarta na raye da lafiyarta. Ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Fauziyya ta haifi mace a asibiti, lafiya lau, jaririya madaidaiciya. Ranar suna Zuhura ta je Kankiya. Aka shimfiɗa mata tabarma cikin baƙi, aka kawo mata shinkafar da wasu suka dafa, ta ci. Aka raɗa wa yarinya Maimunatu.

Har yanzu tana sayar da kwaɗon zogale, sai dai ta rage kanwa, wasu masu saye na ƙorafin ya yi tauri. Ana kiranta girkin biki kamar da. Masu ciki ne suka rage zuwa, in kuma wata ta zo da tambaya, takan ce ta tafi awo ta tambayo. Cikin Fauziyya na biyu ba a kawo ta Ƙofa ba, Zuhura ma ba ta nema ba. Ita ke shiga mota ta je Kankiya. In ta isa, kafin ta zauna, takan kama haɓar ɗiyarta ta juyo da ita wajen haske, ta ja fatar idon ƙasa ta duba. Sunan dai har yau ba ta iya kiransa ba. Takan ce, "Yarinyar nan, kin sha na yau?" Fauziyya ta ce ta sha. Zuhura ta ce a kawo ledar ta gani.