Gwangwanin Matattu

Mai Dalma dai tun yana saurayi yake gyaran rediyo a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, shagon da in ka yi miƙa sai ka daki bango. Da rediyo ya ja baya, sai ya koma gyaran tocila da fitilun caji. Aikin ba wani abin a zo a gani ba ne, amma da shi ake ɗora tukunya a gidansa.

Ƙananan ƙwayayen fitilar nan na zamani, el-i-di, su ne suka fi ba shi wahala. Kowane ƙwai ƙafa biyu gare shi, doguwa da gajera, in ka juya su ba zai kama ba. Shi kuwa idonsa ya fara hazo, ko da yake in ka faɗa masa haka kun ɓata ke nan. Ya ce ba idonsa ba ne, masu ƙera kaya ne suka daina jin tsoron Allah.

Sai ya haɗa abin gwaji da hannunsa. Ya samo robar sabulu, ya cusa batir a ciki, ya liƙa rizista ɗaya don kada wuta ta ƙone ƙwan, ya fito da waya ja da baƙa, kowacce da fil a bakinta. Jar a doguwar ƙafa, baƙar a gajera. Wanda ya kawo haske ya shiga aiki, wanda ya ƙi a juya shi, in ya sake ƙi a wurga shi gwangwanin madara da ya sa wa suna gwangwanin matattu. Har maƙwabcinsa tela sai da ya gaji da jin labarin robar nan.

To, sannu a hankali matattu suka fara yawa. Ya sauya batir, ya sauya waya, ya je ya yi wa mai sayar da kayan wuta tatas a gaban jama'a. Masu kawo gyara suka janye ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa gwangwani sai cika yake.

Wata safiya matarsa ta zo share masa shago. Ba ta san komai a harkar wuta ba, ta dai sha ganin yadda yake yi. Ta ɗauki ƙwai ɗaya daga gwangwanin don wasa, ta ɗora fil, ya kama jajawur. Ta ɗauki wani, ya kama. Ta yi ta ɗauka, ko ɗaya bai ƙi ba. Tausayinsa ya kama ta, ta rasa ta inda za ta fara.

Yana zaune a gefe ya ji motsinta, ya tambaye ta me take taɓa masa. Ta faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, wannan ne ma ya fi tsorata ta. Ya lalubo robar, ya kai ƙwan daf da idonsa har yana taɓa gashin ido.

"Yanzu ma a kunne yake?"

"A kunne yake, Malam."

Ya sauke ƙwan daga idonsa. Sannan ya zare batir ɗin ya miƙa mata, ya ce ta sa a agogon ɗaki kada ya lalace a banza, ta kuma riƙe masa hannu, akwai kwata a bakin ƙofa.