Lasifikar Sirajuddeen da Muryar Hajjo

Shekara talatin da 'yan kai, duk biki ko suna ko walimar sauka a Gwandu, in ka ji ƙasa tana girgiza, to Sirajuddeen mai lasifika ne ya iso. Mutum ne ɗan tsurut, amma Allah ya jarrabe shi da son ƙara. Taƙamarsa guda ce: in ya ɗaure lasifika a bishiya mutanen Malisa ba su jiyo ba, bai yi aiki ba. In tsofaffi suka roƙi a rage, sai ya kai hannu kamar zai rage, ya ƙara.

Matarsa Hajjo kuwa Bafullatana ce mai magana ƙasa-ƙasa, sai ka matso kake jin ta. Takan ce masa, "Malam, wata rana kunnuwan ga za su gudu su bar ka." Shi dai dariya. Suka kuwa gudu, na hagu ya fara, na dama ya bi shi a hankali. Masu sababbin kaya suka karɓe kasuwa. Bara da damina Hajjo ta rasu.

Wata shida da rasuwar, yana zaune a zaure da hantsi, ya nemi muryarta a ransa ya rasa. Fuskar tana nan, tafiyar tana nan, murya babu. Ranar ya yi kukan da bai yi ba ran jana'iza.

Sai ya tuna da bidiyon bikin 'yarsu Jidda. A ciki akwai wuri ɗaya da mai ɗaukar bidiyon ya juyo kan Hajjo, ta dubi gefen da mijinta yake, ta faɗi wata magana, ta rufe baki da mayafi tana dariya. Ya kunna a talabijin ɗin da surukinsa ya saya masa, ya ƙure sauti, bai ji komai ba sai kamar ƙugin ƙudan zuma a cikin tulu. Kunya ta hana shi kiran kowa. Ina dattijo zai ce a zo a saurara masa matarsa?

Ya jawo tsohuwar amfilifayarsa, na'urar ƙara sauti. Wayarta mai kai biyu ce, ja da fari. Ya juya bayan talabijin, babu ramin da za su shiga, sai wani ɗan rami mai fitar da jan haske. Kwana uku yana fama, shi da ya haɗa wa gari guda sauti. Ran na huɗu ya naɗe talabijin a bargo, ya ɗauki amfilifaya, ya hau mota zuwa Kalgo, wurin Lukuman, wani mai gyara da aka ce ya san kayan zamani.

"Baba, mi kaka so a yi?" Lukuman ya tambaya da ƙarfi, don ya lura da kunnen.

"Sautin wagga nika so shi hito ta nan."

Lukuman ya ɗauko ɗan akwati kamar na ashana, ya soka siririyar waya a ramin hasken, ya soka ja da fari a ɗaya gefen, ya haɗa da babbar lasifikar shagonsa. Sirajuddeen ya kai bidiyon daidai wurin, ya kafa kunnen dama a jikin lasifikar.

Hajjo ta juyo. Leɓɓanta suka motsa. Shago ya ɗauka: "Ana ji na? Jama'a, ana ji na? A ƙara mata wuta!" Sai kiɗa.

Suka maimaita sau biyar.

"Baba, mai makirhon ga ya danne kowa," in ji Lukuman. "Wane ne haka, ba shi ko numfashi?"

"Ni ne."

Lukuman ya sunkuyar da kai.

"Ba a iya ɗebe ni, a bar ta?"

"Wallahi Baba, abin da bai shiga ba, ba shi hita."

Sirajuddeen ya ɗaga kunnensa daga jikin lasifikar. Sannan ya kai hannu, karo na farko a rayuwarsa, ya rage har ƙasa. Ya ce a sake maido wurin. Hajjo ta dube shi, ta yi maganarta, ta rufe baki. Ya matso kusa, kusa ƙwarai, yadda ake yi in ana son a ji ta.