Abin da Ya Faɗo Daga Aljihuna a Sallar Juma'a

Saƙon ya shigo wayata ne wata ranar Talata da rana tsaka, ina cikin bas ina komawa gida Edmonton, a arewacin London, daga wurin aiki. Saƙon murya ne daga lambar da ban sani ba. Na zaci wani ne daga gida zai roƙi in gaishe shi a rediyo, don irin waɗannan ba sa yanke mini. Sai na ji muryar namiji, a natse, Hausarsa tas. Ya yi cikakkiyar sallama, ya tambayi iyali. Sannan ya ce sun ji hirar da na yi a kan masu kai wa 'yan bindiga makamai a dajin garinmu, kuma in ci gaba, ai bakina ne. Ya ce ƙofar gidana koriya ce, ko ba haka ba? Ya ce 'yata tana da jar jakar makaranta, kuma ƙarfe uku da kwata ake tashinsu.

Ƙofarmu koriya ce. Jakar ma ja ce, ni na saya mata da hannuna. Na wuce tasharmu da tasha biyu ban sani ba, na sauko na dawo da ƙafa ina waige.

Shekaruna goma sha ɗaya a London ina karanta labaran mutuwar mutane da murya daidai, har ana yaba mini natsuwa. Ashe natsuwar ta cikin ɗakin watsa shiri ce kawai. Ni mutum ne da ko ragon layya ba na iya riƙe wa ƙafa, ƙannena sun sha yi mini dariya a kan haka. Yarinyar nan kuwa ita kaɗai gare mu, shekarunta bakwai, kuma sai da muka shekara shida da aure kafin Allah ya ba mu ita.

Ban gaya wa matata ba, saboda tana fama da hawan jini. Ban je wurin 'yan sanda ba kuma, wannan ita ce wautar farko. A inda na taso, in ka kai ƙarar mai ƙarfi, kafin ka iso gida ya ji, kuma wannan tunanin ya biyo ni har nan bai tsufa ba. Ga takardunmu na zama ana cikin sabunta su, na sa wa raina cewa duk wanda sunansa ya shiga fayil ɗin 'yan sanda, ko shi aka zalunta, ya ɓata wa kansa. Sai na yanke shawarar in kare 'yata da kaina, ni ɗin nan.

Da lokacin cin abincin rana ya yi a ofis, sai in koma lungu da wayata in yi ta kallon Amurkawa masu gemu suna bayanin yadda ake zaɓen ƙaramar bindigar aljihu. Na zama ɗalibi na gaske. Na koyi cewa kada ta yi nauyin da zai ja rigar gefe guda, kada siffarta ta fito ta jikin yadi, kada ta kasance mai ƙugiyar da za ta maƙale a shafin aljihu lokacin zaro ta. Na ɗauki tef ɗin awon matata na auna aljihun babbar kwat ɗina, tsawo da faɗi, na rubuta a bayan wani tikiti. Har na tsayar da wadda nake so, wata 'yar baƙa da ba ta wuce tafin hannu ba. A raina abin kamar na gida ne: kawuna yana da bindigar farauta da takardarta, ya san wanda ya san wani, aka sa masa hannu.

Na sami wani abokin aikina da ya girme ni, ya fi shekara ashirin a ƙasar. Na ce masa, "Yaya, wai a nan wane ofis ake zuwa neman lasisin ƙaramar bindiga? Wani shiri nake haɗawa."

Ya ajiye cokalinsa ya dube ni ta saman tabarau. "Wane irin lasisi? This is not Texas, malam. An yi banning ɗinsu tun kafin ka zo. In aka kama ka da pistol shekara biyar ce minimum, in ka fito a yi deporting ɗinka. Ko barkonon fesawa ka riƙe, sunansa makami." Ya ci gaba da cin shinkafarsa, sannan ya ƙara ɗago kai. "Lafiya dai ko?"

Na ce lafiya lau. Jikina ya yi sanyi, amma tsoron bai ragu ba, wurin zuwa kawai ya rasa.

Ranar Lahadi na bi ta wata kasuwar gwanjo da ake ci a filin ajiye motoci, inda kowa yake baje tarkacen gidansa a kan tebur. A teburin wani tsohon Bature, tsakanin agogunan da suka mutu da cokula, na ga laita uku na kunna sigari masu siffar bindiga. Na tsaya ina jujjuya su ɗaya bayan ɗaya, duk karatun Amurkawan nan ya dawo mini. Ta farko fara ce mai walƙiya, ko makaho ya san wasa ce. Ta biyu ta fi aljihuna tsawo. Ta ukun baƙa ce, ta ƙarfe, da nauyinta, mariƙinta kamar katako, ta zauna a tafin hannuna daram. Tsohon ya ce ba ta ma kamawa, ta ajiyewa a kan kanta ce don ado. Ban tambaye shi ko doka ta yarda a fita da irinta ba, don ba na son jin amsar. Na biya na sa ta a aljihu. Lissafina shi ne, in wani ya tunkaro 'yata, in zaro in nuna masa, ya gudu.

Sati uku ina yawo da ita a aljihun dama na kwat, hannuna a kanta. Na ɗauke wa matata kai yarinya makaranta da ɗauko ta, na ce likita ya ce in riƙa tafiyar ƙafa. Da hannun hagu nake riƙe yarinyar. Da hagu nake buɗe ƙofa, da hagu nake karɓar canji a shagon Baturken unguwarmu. Wata rana a bakin ƙofa matata ta miƙo mini leda na karɓa, sai ta riƙe ledar ba ta saki ba.

"Malam, tun yaushe ka fara karɓar abu da hagu?"

Na ce sanyi ne ya kama mini yatsu. Ta dube ni ta saki ledar.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne tsoron ya ninku. A da, mai muryar nan kaɗai nake tsoro, yanzu har da duk motar 'yan sandan da ta gifta. In na ga masu kaki a bakin tashar jirgin ƙasa sai in juya in nemi bas. Mafi muni, na fara zargin mutanenmu. Wanda ya san launin ƙofata ai ya taɓa tsayawa a gabanta, ko an ɗaukar masa hoto. Duk wanda ya gaishe ni da Hausa, sai in riƙa auna muryarsa da wadda ke cikin wayata. Na daina cin abinci sosai, wandunana suka yi mini yawa.

Sai ranar Juma'ar nan. Masallacinmu ƙarami ne, a saman wani shagon kafet yake, Turkawa da Somaliyawa da mu 'yan Afirka ta Yamma duk a nan muke haɗuwa. Tun da aka fara jin labarin kai hari masallatai a wasu wurare, aka sa mutum biyu suna tsayawa a ƙofa, kowa kuma in ya ji ƙarar abu sai ya waiga. Ranar na sa sabuwar shadda da aka aiko mini daga Kano, ta sha sitaci tana santsi, na ɗora kwat a kai. A ciki an kunna na'urar ɗumama ɗaki, ga cunkoso, kowa yana cire kwat yana ratayewa a bango. Na ji ba zan iya barin abin a rataye ba, kada wani ya laluba kwat ɗina bisa kuskure. Na shiga wurin alwala na zaro shi zan sa a aljihun gefe na kaftani, sai na tarar telan bai yi aljihu ba, tsaga ce kawai, wandon ma ba aljihu. Saura na ƙirji. Na zura shi a nan na cusa hankici a kai.

Duk wanda ya taɓa sa kaftani ya san abin da aljihun ƙirji yake yi wa waya da biro in an sunkuya. Na sani sarai. Tsoro ne ya cinye mini hankali.

A gefena na dama akwai wani dattijo ɗan Gana, mutumin zangon Kumasi, tsohon direban bas, wanda kowa ke kira Baba. Kusan kullum kafaɗarmu ɗaya a sahu, yakan ba ni alewar minti bayan sallah. Aka tayar da sallah. A ruku'u na ji abin ya zame ya tsaya a bakin aljihu, na ƙanƙame jikina. Da muka tafi sujada kuwa, sai ya sulale ya faɗi a kan kafet, tsakanin kaina da kan Baba, bakinsa yana kallon sahun gaba.

Ban san me na karanta a sujadar nan ba. Da liman ya yi kabbara muka ɗago muka zauna, ga shi nan baƙi ƙirin a fili, hannuna ya ƙi motsi. Na ji numfashin Baba ya tsaya. Sai na ga ya kai hannu a hankali ya cire hularsa ya kifa a kai, ya jawo ta gaban gwiwarsa.

Raka'a ta biyu ita ce mafi tsawo da na taɓa yi. Liman ya ɗauko sura yana ja, ni kuwa gumi yana bin bayana. Ina jiran in ji wani ya yi ihu. Na hango mutane ɗari da wani abu suna turereniya a matattakalar nan siririya, tsofaffi a ƙasa. Na hango 'yan sanda masu bindigogin gaske, da hotona a labaran yamma, abokan aikina suna karanta sunana. Na hango ƙarfe uku da kwata, jar jaka a bakin ƙofar makaranta, ba wanda ya zo.

Ana sallamewa Baba ya dunƙule hular da abin da ke ciki, ya kama hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Bai tsaya addu'a ba. Ya ja ni muka sauka, muka zaga bayan shagon inda ake ajiye kwandunan shara.

"Baba, wallahi ta ƙarya ce," na ce. "Laita ce. Ko wuta ba ta yi."

Ya buɗe hular ya duba, ya juya abin, ya ga ramin zuba gas. Sai ya jingina da bango ya rufe ido.

"Yaro na, ka san mi na yi cikin sujada? Na yi kalman shahada. Na ce yau ne. Mata na yana asibiti, ni ɗaya ke kai mishi abinci, na ce wa zai gaya mishi." Ya buɗe ido. "Ni na san ka, shi ya sa na rufe. In wani ne ya gani fa? Police ba zai tambaya ka laita ne ko ba laita ba."

Nan na fashe da kuka, ni da gemuna, a tsakanin kwandunan shara. Na ciro waya na kunna masa saƙon. Ya saurara har ƙarshe, ya sa na maimaita.

"Wannan mutum ya ce zai taɓa yarinya," ya ce. "Kai kuma ka tashi ka taimaka mishi, ka mai da yarinya maraya, shi yana zaune. Ka je ka yi report. Yau. Ka gaya ma uwan yarinya kuma, shi ma ɗiyanshi ne."

Bai mayar mini da abin ba, ban kuma tambaya ba. Ya sa hularsa ya tafi, ba minti ranar.

Na isa makaranta kafin a tashi. Yarinyar ta fito da gudu, na miƙa mata hannu, ta kama ta dube ni. "Baba, your hand is wet," ta ce. Na ce mata zafi ake yi, alhali tururi yana fita daga bakinmu. Da muka isa gida na zaunar da matata na kunna mata saƙon. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Sati uku, Malam? Ina fita da ita shago, ina barinta ta yi wasa a waje, kai ka sani ni ban sani ba?" Wannan maganar ta fi mari zafi. Tare muka je ofishin 'yan sanda da la'asar. Suka karɓi saƙon, suka yi magana da makaranta, suka ba mu lambar kira. Ba wanda ya tambayi takardunmu na zama.

Ba a gano mai muryar ba. Bai sake kira ba, amma ban san ko ya haƙura ba ne ko jira yake, don haka har yau in muna tafiya makaranta ina waige. Mun sake wa ƙofa fenti.

Baba bai gaya wa kowa ba, na tabbata, don da ya faɗa da na gani a fuskokin mutane. Muna gaisawa, yana tambayar yarinya, na je duba matarsa da aka sallamo ta. Sai dai tun daga ranar, in aka tayar da sallah na zo na tsaya kusa da shi, sai ya duba aljihun ƙirjina, ya matsa a hankali ya bar wani ya shiga tsakaninmu.