Garmata da Tsamiyar Sarkin Noma

Ƙauyenmu yana tsakanin Bagwai da Bici. Ƙarami ne, amma gona na manne da gona har inda ido ya tsaya, in ka yi atishawa a taka sai maƙwabci ya amsa maka daga tasa. A can aka haife ni, tun Nasara ba su zo ba, lokacin da in an ji kuwwar mahara daga arewa kowa zai kwashi 'ya'yansa da awakinsa ya nufi cikin ganuwa. An yi wannan gudun da ni sau biyu ko uku, amma kusan duk na manta. Abin da ya zauna mini daram a rai shi ne rawa.

Babana malami ne, yana karantar da yaran ƙauye a zaurensa. Inna kuwa 'yar Maguzawa ce daga tsallaken rafi. Ta musulunta kafin a ɗaura musu aure, amma ba ta yar da danginta ba, shi ma Baba bai taɓa cewa ta yar ba. Inna ta ce tun ina rarrafe, in mata suka fara lugude a tsakar gida, sai in kama gindin turmi in miƙe ina jijjiga, har sai an janye ni kada taɓarya ta same ni.

Da na isa shiga zaure ma abin bai bar ni ba. Kowane yaro yana ɗan rangaji in yana karatu, amma nawa ya yi yawa. Wata rana Baba ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo.

"Kai, karatu kake yi ko rawa?"

"Karatu, Malam."

"To ita ƙafar nan da ke dukan ƙasa, wace sura take biyawa?"

Yara suka fashe da dariya. Na naɗe ƙafar na zauna a kanta, ba a jima ba ɗayar ta karɓa.

Ina da kamar shekara tara aka fara tura ni gidan kawuna da damina, in taya shi aiki. Kawu wan Inna ne, gajere mai faɗin ƙirji, in ya yi dariya ana ji daga bakin rafi. Shi ne shugaban 'yan hoto na yankinmu. 'Yan hoto su ne masu rawa da garma a wurin gayya. In an gama huɗa an ci abinci, sai makaɗi ya saki gangar noma, su kuma su fito da warki da akayau a ƙafa, su cilla garma sama, su juya, su yi tsalle, su cafe ta kafin ta taɓa ƙasa. Garma kuwa ƙarfe ne mai nauyi da kaifi. Ranar da na fara ganin Kawu ya cilla tasa, ta yi juyi uku a sama tana walƙiya, ya miƙa hannu ta baya ya karɓe ta kamar an miƙo masa ludayi, ko tuwon kirki ban iya ci ba.

Na roƙe shi ya koya mini. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan malam, in ka fasa kai, me zan ce wa ubanka?"

"Sai ka ce jaki ne ya harbe ni."

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya karyo karan dawa ya ba ni. Da kara na yi damina guda. Damina ta biyu ya ba ni ƙota babu ƙarfe. Sai a ta uku na taɓa 'yar fartanya, ita ma dakusasshiya. Yakan ce kada in ƙura mata ido in ta tashi, in kalle ta da wutsiyar ido kawai, kunnena ya tsaya a kan ganga, domin ƙafa da hannu duk kiɗa suke bi.

Wadda ta sha wahalar koyona ita ce Kaka, uwar su Inna. Na fasa mata tulu biyu. Na kashe mata kaza ɗaya, wadda muka cinye da yamma, ita tana ci tana tsine mini. Wata rana fartanyar ta sauka tsakiyar tukunyar kalwa da take dafawa za ta yi daddawa. Ta fito da muciya tana bin ni.

"Mijin nan nawa ba shi da amfani! Wasu mazan suna kawo wa matansu tukunya, nawa fasawa yake yi!"

"Ki yi haƙuri, amarya, in na zama gwani zan saya miki goma."

"Ka fara zama mutum tukuna."

Amma ita ce ta ɗinka mini warkina na farko da fatar ɗan akuya, ita ce kuma take zama a bakin rumbu tana tafa mini in babu makaɗi.

Shekarar da na kai sha biyar, Sarkin Noma na wani gari kusa da Dawakin Tofa ya kira gayya babba. Ƙauyuka da yawa suka amsa, kowanne da samarinsa da makaɗansa. Kawu ya ce zan bi su, kuma da garma ta gaske. Muka tashi da sassafe, raɓa na jiƙa mana ƙafa, makaɗinmu a gaba. Shi wani dattijo ne siriri wanda ba ya yawan magana, amma in ya rataya ganga sai ka rantse baki gare ta.

Aka yi huɗa tun hantsi har rana ta take. Mata suka kawo tuwon dawa da fura a manyan ƙorai, masu shan giya suka koma gefe da tulunansu. Ni na yi azahar a bayan wata kuka, na dawo na ɗaura akayau. An share fili a gefen gonar, kusa da wata tsamiya babba mai duhun ganye. Manya suka fara fita ɗaya bayan ɗaya. Ni ne ƙarami, ni ne na ƙarshe, kuma kafin a zo kaina rana ta karkata, tana dukan idon 'yan kallo.

Na fita. Cillawa ta farko na cafe, ta biyu ma haka, mata suka yi guɗa. Guɗar nan ce ta shiga mini kai. Na manta da duk abin da Kawu ya faɗa game da auna ƙarfi, na tattara abin da nake da shi na wurga garmar sama. Na yi juyina, na miƙa hannu.

Shiru. Garma ba ta dawo ba.

Na saci kallo sama, sai na hango ta can cikin ganyen tsamiya, bakinta ya saƙale a wani siririn reshe, tana lilo. Daga inda mutane suke ba a ganin komai sai hasken rana. Na dubi makaɗi, shi ma ya gani. Sai ya sassauta kiɗan, ya mai da shi a hankali kamar tafiyar mai jiran baƙo, ya ɗaga mini gira. Na gane. Na ci gaba da rawa a wurin, hannu ɗaya a sama. Na yi kamar ina kiran garmar da yatsa. Na yi kamar na yi fushi da ita, na juya mata baya. Na durƙusa ina lallashinta. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ganga da akayau, ni kuwa a zuci ina karanta duk addu'ar da na sani.

Reshen ya gaji. Na ji ganye ya yi motsi, makaɗi ya doka ganga da ƙarfi, na yi tsalle baya taku ɗaya, ƙotar ta faɗo cikin tafin hannuna. Har yau ban san yadda aka yi ba.

Ihun da aka yi sai da tsuntsaye suka tashi daga gonar. Aka ɗaga ni sama. Sarkin Noma ya cire hularsa ya kifa mini, wata tsohuwa ta shafa mini kai tana ja da baya kamar mai tsoro. Kawu kuwa ya rungume ni, ya raɗa mini a kunne, "Na ga reshen, ɗan banza. Rufe bakinka."

Kafin in koma gida labari ya riga ni. Wai ɗan malam ya aika garma sama ta tsaya sai da ya ba ta izini. Wai ubansa ne ya rubuta masa laya mai riƙe ƙarfe. Bayan kwana uku, ina cikin gida na ji sallama a zaure. Wasu mutum biyu ne daga wajen Bici, ɗaya riƙe da zakara. Na laɓe a bayan zana ina saurare.

"Allah gafarta Malam, mun zo ne a taimaka mana da irin ta yaron nan."

"Irin me?"

"Layar, Malam. Ta tsayar da ƙarfe. Ni maƙeri ne, shi kuma wannan yana fita yaƙi."

Baba ya yi ta rantsuwa bai san zancen ba, su kuma suna ta murmushi suna cewa ai sun sani, ba a faɗa da wuri. Da ƙyar ya sallame su da zakaransu. Sannan ya ɗaga murya ya kira ni, bai ko juyo ba, don ya san ina bayan zanar.

Na durƙusa na ba shi labari duka, da reshen, da lallashin, da addu'o'in. Ina magana yana jan gefen rawaninsa yana rufe baki, kafaɗunsa na motsi. Da ya samu ya natsu sai ya ɗaure fuska.

"Ranar kasuwa za ka je ka faɗa wa mutane gaskiya. Ba za a jingina mini abin da ban yi ba."

Na je, na faɗa. Na tsaya a rumfar mahauta na faɗa, na je wurin masu gishiri na faɗa. Babu wanda ya yarda. Wani ya ce duk masu asiri haka suke cewa. Na jawo makaɗinmu ya yi mini shaida, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba ya ce, "Ni idona a kan gangata yake." Har na daina rawa akwai masu matsawa su ba ni hanya in na ɗauko garma.

Da kaka ta yi aka yi bikin kalankuwa a ƙauyen su Kawu. Ina tsakiyar fili da la'asar sakaliya, na juya, sai na hango farar riga a gefen wani rumbu. Baba ne, ya dogara da sandarsa. Bai taɓa zuwa wurin kiɗa ba a sanina. Na yi rawar nan da hankali, ban ƙara komai ba, ban rage ba, garma ta je ta dawo sau bakwai lafiya.

Da aka tashi ya ce in zo mu tafi gida tare. Muka kama hanya tsakanin gonakin da aka girbe, yana gaba ina baya, har muka tsallake rafi. Can ya tsaya.

"Ka yi la'asar?"

"Na yi, Baba, kafin in fita."

"Miƙo ta nan."

Na ba shi garmar. Ya jinjina ta da hannu ɗaya, ya koma da biyu. "Ashe haka take da nauyi," in ji shi. Ya mayar mini, ya ce ya yarda in yi rawata da damina da kaka, rani kuwa na allo ne. Ban da giya, ban da wasa da salla, ban da karɓar ko ƙwayar gero daga hannun wanda ya zo neman asiri. Na ce na ji.

Muka ci gaba da tafiya. Da muka zo wani wuri da karan dawa ya kare mu, ya waiga hagu da dama. Sai kawai na ga ya cilla sandarsa sama, ya miƙa hannu. Sandar ta wuce hannun ta bugi rawaninsa, ta faɗa cikin kunya. Na ɗauko masa ina cije leɓe. Ya karɓa, ya gyara rawani, ya kaɗe riga.

"Kada innarka ta ji."

Ban faɗa mata ba sai bayan rasuwarsa da shekaru. Ta yi dariya har da hawaye, sannan hawayen suka zama na gaske.

Na yi damina goma sha ɗaya ina hoto. Mun taka har garuruwan da ban san sunansu ba kafin nan, mun ci tuwon gidaje da yawa, a wurin wata gayya ma na fara ganin wadda ta zama uwar 'ya'yana, tana ɗauke da ƙwaryar fura tana yi kamar ba ni take kallo ba. Abin da ya tsayar da ni kafaɗar dama ce, wadda ta goce wata shekara ba ta koma daidai ba. Yanzu ita ce ke gaya mini in hadari na tafe, tun kafin a ga gajimare, kuma maƙwabta sun fi yarda da ita a kan masu duban sama. Jiya ma ta yi mini tsami tun safe, na ce a kwashe shanya, ba a gama kwashewa ba aka fara yayyafi.