Lemon Tsamin Inna Yana Nan

Mun tashi da asuba daga Kalakla, ni da yayata, bayan na koma sau biyu na taɓa kwaɗon ƙofa. Ku da kuke bin shafina kun ga sati biyu ban saka komai ba. Lafiyata ƙalau, abin sakawa ne ya ƙare. Na nuna tuyar kisra, wainar dawar nan mai faɗi, na nuna damun godo-godo, furar nan tamu, yajin tsiren agashe kuwa sau uku na yi shi, har wata ta tambaye ni ko sayarwa nake. Sai na ce bari in haye kogi zuwa Umdurman, ko idona zai tsinto wani abu.

Akwai kuma dalilin da na ɓoye wa yayata. Wata tsohuwa, ƙawar marigayiya uwarmu, muna kiranta Inna, yaƙi ya kai ta Kasala. Ta aiko mini da saƙon murya: "'Yata, in kin je gefenmu, ki duba mini lemon tsamin da Malam ya dasa." Malam mijinta ne, ya rasu tuntuni. Sati uku ina sauraron saƙon ban amsa ba. In na tarar ya bushe, da wane baki zan faɗa mata?

Kuɗin hafila, bas ɗin haya, ya haura yadda na sani, kuma rabin fasinja ta waya suke biya. Hanya ramuka, shaguna wasu a buɗe, wasu sun ƙone baƙi ƙirin. Na ɗaga waya zan ɗauka, na sauke. Wataƙila mai shagon yana cikinku, bai kamata ya fara ganin asararsa a shafina ba. A kan gada na so ɗaukar ruwa, sai na tuna ba a son hoto a wurin, na cusa wayar can ƙasan jaka. Yayata ta ce, "Ke da wannan tsoron, hoton cikin jakarki za ki saka wa mutane."

A bakin kasuwa muka ci ful, dafaffen wake, da burodi, muka zauna wurin wata mai shayi. Na nemi izinin hotonta, na yi bayani, na sake yi, har jabanata, gahawar da ta zuba mini, ta huce. Ta ce, "Ya bitti, 'yata, ɗauki butar, ta fi ni kyau da safe." Butar na ɗauka. Har azahar ita kaɗai ce a wayata.

Da na ga ba makawa, na faɗa wa yayata gaskiya, muka hau raksha, babur mai ƙafa uku, zuwa unguwar Inna. Gidan ba ƙofa. Ɗakuna wayam, ko tabarma babu. Yayata ta ja hannuna zuwa tsakar gida, sai ga lemon a tsaye. Gefe ɗaya ya bushe, ɗayan kore shar, har da 'ya'ya. Gindinsa a jiƙe.

Muna tsaye wani dattijo maƙwabci ya yi sallama, da ƙaramin kwano a hannu. A ƙofarsa akwai sabil, randar nan da ake ajiyewa don masu wucewa su sha. Ruwan da ke ɗiga ta gindin randar shi yake tarawa a kwano, safe da rana, ya kawo wa bishiyar. Ya ce, "Lokacin da ruwa ya yi wuya ban iya ba ta na sha ba, hakkin mutane ne. Amma ɗigon nan ba mai shi. Ni da Malam shekara da shekaru sahu ɗaya muka yi salla."

Ya tsinko lemo ya miƙo mini. Na ce, "Baba, ban tambayi mai shi ba." Ya yi dariya ya ce to in tambaye ta. Na kira Inna.

"Inna, lemo yana nan. Har ya yi 'ya'ya."

"Alhamdu lillahi. Ƙofa fa?"

Na so in ce layi ba kyau. Na kasa. "Ƙofa ta tafi, Inna. Da kayan ɗaki."

Na duba ko kiran ya yanke. Can ta ce, "Ƙofa kafinta zai yi wata. Murza ganye ɗaya ki faɗa mini, da ƙanshi?" Na murza. Na ce da ƙanshi, kamar da. A nan ta yi kuka, ni ma na yi, yayata mai yi mini dariya ita ma ta juya baya.

Inna ta yarda in saka hoton. Ganye da kwanon kawai na ɗauka, ba bango ba lungu, kada wani ya gane gidan da ba kowa.

Mun iso Kalakla ana kiran magariba, kwaɗo yana nan yadda na bar shi. Na karanta rubutuna sau uku na saka. Kafin in idar da salla saƙonni sun shigo: mai dalbejiya a Aljirif, mai gwaiba a Alhilla Kuku, kowa yana so a duba masa bishiyarsa. Na haye kogi neman abin sakawa, ashe sati uku yana cikin wayata, tsoro ya hana ni amsa shi. Duk wanda na je wa zan faɗa masa gaskiya, mai daɗi da marar daɗi. Lemon da dattijon ya tsinko kuwa na shanya su a tire. Na Inna ne, sai ta dawo.