Ƙunshin Ƙosai

Shekarun da na yi a kwalejin Magariya, bayan babban farin nan, na rubuta wani labari a cikin kaye, wato littafin rubutu, mai shuɗin bango. Ilimina bai yi nisa ba, aji uku na yi aka sallame ni, amma a lokacin gani nake babu kamata. Labarin ɗan sarkin aljanu ne da ya so wata baiwa, ubansa ya hana, shi kuwa ya tsinke sarƙar ƙafarta da kalma ɗaya, ya ɗora ta kan doki mai fukafukai. 'Yan ajinmu suka riƙa karɓar kayen hannu zuwa hannu. 'Ya'yan 'yan kasuwa da na ma'aikata, suna share hawaye saboda baiwar takarda, alhali a gidajensu akwai mutanen da ba a cin tuwo kwano ɗaya da su. Ni na fi su rashin kunya, tunda ni na rubuta.

A ƙauyenmu, kusa da Yekuwa, akwai wani gida da muke kira cucanawa, wato jikokin bayin kakanninmu. Bauta ta daɗe da ƙarewa. Suna da gonarsu, geronsu ma ya fi namu kyau. Abin da ya rage dai, maigidan yana ja wa shanunmu ruwa, in an yanka ragon layya a aika musu kai da ƙafa, kuma ba a aure tsakaninmu.

'Yar wannan mutum nake so, ita ma ta so ni. Da hutu nakan same ta bakin rijiya da hantsi in karanta mata labarin, domin ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko. Ranar da na kai ƙarshe sai ta ce, "Ɗan boko, shi ɗan sarkin naka, a gaban ubansa ya aure ta, ko sama ya gudu da ita?"

Na ce, "Sama."

Ta yi dariya. "Ai sama babu dangi. Ni a ƙasa nake."

Na rantse mata zan gaya wa mutanenmu da bakina. Ta karɓi kayen ta ce zai zauna wurinta har sai na faɗa.

Ranar kasuwar Guci na raka baffana, ƙanen mahaifina, sayar da maraƙi. Ita da uwarta suna tuyar ƙosai kusa da turken shanu, duk abin da aka faɗa a kunnensu. A gaban dillalai baffa ya dube ni ya ce, "Ɗana, an ce ka zama ɗan rijiya. Karatu kake koya mata, ko mu shirya zuwa gaida surukai gidan masu ja mana ruwa?"

Aka yi dariya. Bai ɗaga murya ba, babu wanda ya nuna mini sanda. Dariya ce kawai ta mutum biyar masu warin shanu. Na ce, "Baffa, bacucana ce fa. Wasa nake."

Ba ta ɗago kai ba. Ta ci gaba da juya ƙosanta.

Da la'asar, muna shirin hawa amalanke, ta kira ni. Na je. Ta durƙusa har ƙasa, irin durƙuson da kakarta take yi wa kakata, abin da ba ta taɓa yi mini ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ubangijina, ga naka."

Ƙosai ne uku a ƙunshe cikin takarda. Rubutuna ne. Mai ya jiƙe shi, amma na gane wurin da sarƙa take tsinkewa. Sauran kayen yana gefen kasko, rabi ya riga ya bi masu saye.

Na karɓa. A kan amalanke na buɗe na cinye, don yunwa nake ji. Wannan ma yana cikin abin da nake roƙon Allah Ya yafe mini.